Filin Ungozoma: An Turo Mu Birni Cikin Dare, Sai Ta Haihu Da Kanta

Assalamu alaikum. Wasiƙun da suka taru mini a wannan wata kusan duk bakinsu ɗaya: maganar ɗauko mai naƙuda daga ƙauye zuwa babban asibiti, abin da mu ma'aikata muke ce wa ebakuwasiyo. Damina ce, gulbi ya kawo, hanyoyi sun yanke, dole abin ya tsaya wa mutane a rai. Na zaɓi uku, na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Daga wani magidanci, wani ƙauye a bakin Gulbin Maraɗi

Hajiya, barka da aiki. Maiɗakina ta sauka wata biyu da suka wuce, haihuwarta ta huɗu. Naƙuda ta kama ta bayan la'asar, muka kai ta likitar garinmu kafin magariba, don duk awonta can ta yi. Wajen ƙarfe 11 na dare sajfam, wato ungozomar likita, ta kira ni waje ta ce aikin ba ya ci gaba, sai an kai ta Maraɗi. Na tada maƙwabci na ranci jika 15 na man mota. Da muka isa ba a daɗe ba ta haihu da kanta, ɗa namiji, ba aiki ba ƙarin jini. Har yau ban gama biyan bashin ba. Mahaifiyata ta ce mu tara duk a ɗaki ta haife mu, kuma in Allah ya kawo wani cikin ba mai zuwa likita. Ni dai abin da nake son sani, sajfam ɗin nan ba ta iya aikinta ba ne, ko gudun wahalar dare ta yi, ko kuwa akwai abin da ban gane ba?

Amsa

Malam, barka da arziki. Allah ya raya, ya ba uwa lafiyar shayarwa, kai kuma ya hore maka abin biya. Jika 15 ba ƙaramin kuɗi ba ne a hannun manomi a irin wannan lokaci, rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba. Na ji daɗi da ka tambaya maimakon ka bar abin yana cin ka a ciki.

Kalmar nan da aka faɗa maka, "aikin ba ya ci gaba", wato naƙuda ta tsaya, na san ta sarai. Shekaruna na farko duk a likitocin ƙauye na yi su, na faɗa wa maza da yawa ita a bakin ƙofar ɗakin haihuwa, tocila a hannu. Ga abin da ke bayanta.

Idan mace ta zo da naƙuda muna buɗe mata wata takarda mai layi-layi, sunanta partogram. Bakin mahaifa sai ya buɗe santimita 10 kafin ɗa ya samu hanya. Daga ya kai 4, muna sa ran ya riƙa ƙaruwa da kamar santimita 1 a kowace awa. Muna dubawa muna ɗiga alama, muna rubuta bugun zuciyar ɗa, da saukowar kansa, da ƙarfin ciwon, da tansiyon uwa, wato awon hawan jininta. A kan takardar akwai layi biyu a karkace, na farko na gargaɗi, na biyu na ɗaukar mataki, tsakaninsu awa 4. A babban asibiti, in alamar mace ta ƙetare layin farko ana iya zuba mata ido, tunda ɗakin aiki yana nan ƙarshen baranda. A likitar ƙauye kuwa abin da aka koya mana shi ne, da ta ƙetare layin farko a fara haramar tafiya. Awa huɗun nan saboda hanya aka bar su. Ka lissafa da kanka abin da ya ci muku lokaci a daren: kiranka, tada maƙwabci, ƙirga kuɗi, kiran mota, zuwanta, sannan tafiyar. Da sajfam ta jira layi na biyu kafin ta buɗe baki, da duk wannan faɗi-tashi a tsakiyar hatsari za ku yi shi.

Likitar garinku, wadda ake ce wa CSI, tana da abubuwa da dama. Akwai allurar da ke sa mahaifa ta tsuke bayan haihuwa, akwai maganin jijjiga, akwai ƙarin ruwa. Sajfam na iya sa hannu ta ciro mabiyiya in ta maƙale, tana iya farfaɗo da jinjirin da ya fito bai yi kuka ba. Abu biyu ne babu: aiki, wato sezariyen, da ƙarin jini. Su sai asibitin gunduma mai ɗakin aiki, ko nan birni, irin cibiyar uwa da ɗa ta CSME. Kuma duk naƙudar da ta tsaya, ƙarshenta na iya neman ɗaya daga biyun nan.

Na san abin da ya ƙara ɗaure maka kai: wadda ta haifi uku lafiya, me zai hana na huɗu? Mu kuwa shi ke ƙara tada mana hankali. Mai haihuwar fari, in kan ɗa ya ƙi wucewa, mahaifarta gajiya take yi ta lafa. Mai haihuwa da yawa tata ba ta lafawa, sai ta yi ta turi har ta tsage. Ɗa na huɗu kuma yana iya fin yayyensa girma, ko ya taho da kai a karkace, ko da goshi. Shi ya sa wadda ta saba sauka cikin ɗan lokaci, in ta kai daga la'asar har 11 na dare shiru, ba ma cewa ai ta saba.

To me ya sa ta haihu da kanta? Saboda da yawa cikin waɗanda muke turowa haka suke yi, alhamdu lillahi. Wani lokaci kan ɗa yana gyara zama a hanya. Wani lokaci a birni ana sa mata ruwan ƙarin naƙuda, abin da suke iya yi da kwanciyar hankali don in abu ya rikice ga lokotoro, wato babban likita, ga ɗakin aiki. Amma da ƙarfe 11 na dare, wadda za ta haihu da kanta ƙarfe 2 da wadda mahaifarta za ta tsage ƙarfe 2, kamarsu ɗaya a kan gado, alamarsu ɗaya a takarda. Allah bai ba mu sanin gaibu ba. Sajfam ɗin da duk wadda ta turo sai an yi mata aiki, ni a wurina makara take yi wajen turowa, kuma akwai waɗanda ba su iso ba da ba a ƙirga mata su.

Akwai daren da har yau bai bar ni ba. Ina wata likita can arewa cikin rairayi, aka kawo mini wata mata, haihuwarta ta shida. Da sha biyun dare na ce a tafi. Mijinta yana ci-rani a Najeriya, wansa, wanda ke da ta-cewa, ya tafi cin kasuwa bai dawo ba, uwar miji ta ce ita ba ta da ikon sa matar ɗanta a mota babu izini, a bari asuba ta yi. Tsohuwar ba ta da mugun nufi, zaune take tana jan tasbaha tana hawaye. Kafin asuba ciwo ya ɗauke ɗif, matar ta ce ta ji sauƙi, dangi suka fara hamdala. Ni kuwa na kafa kahon sauraro a cikinta ban ji zuciyar ɗa ba, na shafa na ji gaɓoɓinsa kamar a ƙarƙashin fata. Mahaifa ta tsage. An kai ta, an ceci ranta, an cire mahaifar, ɗan kuwa ba a same shi ba. Awa biyar muka yi a tsakar likitar nan muna jiran kalma ɗaya daga bakin namiji.

Game da mahaifiyarka, kada ka yi jayayya da ita, gaskiya ta faɗa. Ta haifi tara a ɗaki Allah ya raba lafiya, kuma yawancin haihuwa haka take. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, kusan mata 15 cikin 100 ne ciki ko haihuwa ke zo musu da matsalar da ke neman ƙwararren hannu. Sai dai ba a rubuta wa kowa a goshi ba. Wata rana in kun zauna da daɗin rai, ka tambaye ta a hankali, cikin ƙawayenta da aka kai ɗaki lokaci ɗaya, nawa suka tafi a kan gwiwa? Tsofaffinmu suna riƙe da sunayen nan, ba sa mantawa. In kuma wani ciki ya zo, ita za ka roƙa ta riƙa raka maiɗakinka awo. Uwar mijin da ta zauna ta ga ana auna tansiyo, aka kuma gaishe ta da girmamawa, na sha ganin ita ke fara cewa a nemo mota.

Sai kuɗi. Tun 2005 gwamnatin Nijar ta ce sezariyen kyauta ne, a 2006 aka ƙara da awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5. Amma mota da mai take tafiya, kuma ko a asibiti ana iya miƙo maka takardar sayen magani in na ajiya ya ƙare. A wasu gundumomi ana ɗora dala ashirin a kan kuɗin ganin likita, ana tarawa don man motar marasa lafiya. Ka tambayi majo, shugaban likitar garinku, ko kuna da wannan asusu. In maiɗakinka tana cikin Mata Masu Dubara, waɗanda a nan jihar Maraɗi aka faro su a 1991, suna da ɗan kuɗin taimako da suke warewa don irin wannan rana. In ba ta ciki, da kaka ka ware akuya ɗaya ko ƴan tiyoyin wake ka ce na haihuwa ne, kowa a gidan ya sani. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma abu biyu da ba sa cin ko dala. Izini: tun ciki na wata bakwai ka faɗa gaban mahaifiyarka da wanka cewa ko kana nan ko ba ka nan, in sajfam ta ce a tafi, a tafi. Da jini: ka san mutum biyu masu ƙarfi cikin dangi da za su shiga motar, don in ana neman jini ƙarfe 3 na dare, dangi ake fara tambaya. A garuruwan da ke da makarantar mazaje, wadda aka faro a Damagaram ta bazu har nan, irin wannan magana suke zama su yi, maza da maza.

Inda nake ganin abokiyar aikina ta rage ka shi ne bayani. Minti biyu sun isa ta nuna maka takardar ta ce ga inda ya kamata mu kai, ga inda muke. Mutumin da zai ci bashi cikin dare ya cancanci a nuna masa dalili. Ranar rigakafin yaro ka leƙa ka gaishe ta, ka gaya mata yadda aka ƙare. Mu masu turowa sau da yawa ba ma jin ƙarshen labari, mota ta tashi shi ke nan, sai mu kwana muna juyi.

Daga wata malamar makaranta, a madadin mahaifiyarta, gundumar Dakoro

Hajiya, Inna ce ta ce in rubuto miki. Ita ce ungozomar garinmu fiye da shekara 30, ta gada wurin uwarta. Yanzu an ce musu kada su karɓi haihuwa a gida, aikinsu rakiya zuwa likita. Amma likita mafi kusa da mu tafiyar awa biyu ce a amalanke, kuma mata ba sa kiranta sai abu ya yi nisa, sau da yawa ɗa take tararwa a ƙasa. Ran da ta raka wata mai zubar jini, aka yi mata faɗa gaban mutane, aka ce su ne masu kashe mata. Tun ranar ba ta son rakiya. Tana tambaya, yaushe ne tashi ya zama dole, kuma me za ta yi a hanya?

Amsa

Ƴata, ki karanta wa Inna wannan da ƙarfi, kada ki tsallake komai.

Inna, ina gaisuwa, ina kuma ba ki haƙuri. Wadda ta yi miki faɗa ta yi kuskure babba. Ke da kika biyo amalanke awa biyu kina riƙe da mai zubar jini, kujera da ruwan sha ya kamata a ba ki. Na ga irin wannan da idona, na kuma ga abin da yake haifarwa: ungozoma ta ji kunya, ta daina rakiya, mace ta gaba ta cika a ɗaki. Don Allah kada ki bar rashin ladabin mutum ɗaya ya hana matan garinku ƙafarki. Ki ɗauki maigari ko wani daga kwamitin da ke kula da likitar, ku je wurin majo da rana tsaka ku faɗi abin da ya faru.

Abin da kika ce, ba a kiranki sai ɗa ya faɗo, haka muka gada. Mace ta durƙusa ita kaɗai, ta danne ciwo don kunya, balle ƴar fari, sai an ji kukan jinjiri a aika wa ungozoma ta zo ta yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta ɗora ruwan zafi. To lokacin nan da kike shiga ɗakin shi ya fi kowane hatsari. Zubar jini bayan haihuwa ita ce kan gaba wajen kashe mata, kuma tana iya gamawa da mace cikin awa 2, daidai tsawon hanyarku. Ke ba ki da sararin cewa bari mu gani.

Da kin shiga kin ga ɗa yana numfashi, ki goge shi, ki ɗora shi a ƙirjin uwa, ki lulluɓe su, sai ki koma kan uwa. Bayan mabiyiya ta fito ki ɗora hannu ƙasan cibiyarta. Mahaifar da ta tsuke tauri gare ta kamar ɗanyen duma. In kin ji ta da laushi kamar ƙullu, ki murza da ƙarfi har ta yi tauri, ko da tana ture hannunki. Ki sa ta yi fitsari, don cikakkiyar mafitsara tana hana mahaifa tsukewa. Ki sa ɗa a nono. Sannan ki dubi zane. Rabin lita muke kira zubar jini, kuma ido kullum raina jini yake yi. In zane ɗaya ya jiƙe sharkaf, ko jini na fita guda-guda ba ya tsayawa, ko ta ce tana ganin duhu, ko gumi mai sanyi ya keto mata, a ɗaura shanu. Ba a tsayawa wanka, ba a tsayawa damun kunu. A kwantar da ita, ƙafafu a kan buhu, a lulluɓe ta, hannunki kuma a kan mahaifar har ku isa. Ki ƙunso zannuwan da suka jiƙe a leda ki taho da su, da su sajfam za ta gane yawan abin da ya zuba.

In an ba mace ƙwayoyin nan uku na mizoprostol a wurin awo ta taho da su gida, bayan ɗa ya fito ake sha, kuma sai kin shafa ciki kin tabbata babu na biyu. Kafin haihuwa suna iya tsaga mahaifa. Haka ma allurar naƙuda da masu yawon tallan magani ke yi wa mata a ɗaki. In kin ji ana shawarar kiran mai allura, ki tare bakin ƙofa. A likitoci da yawa yanzu akwai dabaru bayan ƙwayoyi: ana sa ƴar roba cikin mahaifa a cika ta da ruwa ta danne inda ke zuba, akwai kuma wata riga mai matse ƙafafu da mara da ke riƙe mace har a kai ta inda jini yake. Duk sai mai sauran numfashi suke yi wa amfani.

Mabiyiya in ta wuce rabin awa ki fara shiri, in ta kai awa ɗaya ku tafi ko babu jini. Ba a jan cibiya, ba a tura mata ludayi a maƙogwaro, ba a turara barkono.

Jijjiga kuwa tana aiko da saƙo kafin ta zo: ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, ciwo a ƙahon zuci. Hawan jini ne na ciki, ya fi kama ƴan fari. In mace ta faɗi tana taune-taune na san abin da ake fara cewa, iska ce. A yi addu'a, a yi tofi, amma a yi su a kan amalanke. Ki kwantar da ita a gefen hagu. Kada a ɗura mata rubutu ko ruwa tana cikin wannan hali don huhu zai bi, kada a cusa mata cokali, kada a yi hayaƙi. Maganinta, salfat na magneziyom, yana likita.

In naƙuda ta fara da safe har rana ta faɗi, ko ta fara da dare har hantsi, wato awa 12 ana ciwo na gaske ba haihuwa, an riga an makara da tashi. In hannu ya riga fitowa, ko ƙafa, ko cibiya, ba a ja ba a mayarwa. In cibiya ce, ta durƙusa ta kifa ƙirji ƙasa, ƙugu sama, a haka za a tafi da ita. Yankan gishiri kuma, Inna, na san wasu sun gada, amma ƙashi ne ya tare ɗa, reza ba ta buɗe ƙashi, mafitsara kawai take samu. Matan da ke zuwa cibiyar yoyon fitsari ta Danja, wadda aka buɗe a 2012 nan kudu da Maraɗi, yawancinsu kwana biyu ko uku suka yi a kan gwiwa, kan ɗa ya danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa har ya mutu ya huje.

Akwai aikin da ba wanda zai iya shi a garinku sai ke. Kin san kowane ciki tun kafin mai shi ta yarda ta faɗa. Wadda aka taɓa yi wa aiki, mai tagwaye, wadda ɗanta ke gicciye, ƙaramar yarinya, wadda ta wuce haihuwa biyar, wadda ta taɓa zubar da jini, mai kumburi, waɗannan kada a jira naƙuda ta same su a gida. Da watan tara ya kama su koma wurin dangi kusa da likita. Ki sa ƴarki ta ajiye miki lambar sajfam da ta majo a salula, a kira kafin a tashi, don a same su a shirye, in kuma sai an wuce gaba a fara neman mota tun kuna hanya. Da kun isa ki faɗi lokacin da ciwo ya fara, da duk abin da ta sha ko aka yi mata, ko saiwa ce ko maganin zaƙi ko allura. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Daga wata matar aure, unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi

Tanti, haihuwata ta fari aiki aka yi mini, yau shekara biyu da rabi. Yanzu cikina wata bakwai. Ina son in tafi gidanmu, wani ƙauye bayan Tasawa, in haihu gaban mahaifiyata. Dangin miji suna cewa ni raguwa ce, kuma an ce duk wadda ta koma asibiti sai an sake yanka ta. In naƙuda ta gagara ai sai a kawo ni.

Amsa

Ƙanwata, kada ki tafi. Maganar sai an sake yanka ki ba gaskiya ba ce, mata da yawa suna haihuwa da kansu bayan aiki ɗaya. Ana duba dalilin aikin farko, da irin yankan da aka yi wa mahaifa, da tazarar da aka samu, da kwanciyar ɗa da girmansa. Shekara biyu da rabi tana wajenki. Amma gwajin a ƙarƙashin rufin da ke da ɗakin aiki da jini ake yin sa, don tabon mahaifa in zai buɗe ba ya yin dogon sallama, kuma daga nan da minti ake ƙirga ran ɗa. Dabarar "in ta gagara a kawo ni" ga mai tabo ba ta ci.

Masu ce miki raguwa kuma, macen da aka buɗe cikinta aka ɗinke, ta tashi da ɗinki tana ba da nono, ban san wace jarumta suke nema ba bayan wannan. Ki sa maigidanki ya tsawatar, haƙƙinki ne a kansa.

Ranar awo mai zuwa ki tafi da takardar aikin farko tare da karnenki, wato littafin awonki, ki nemi a yi miki eko, wato hoton ciki, lokotoro ya rubuta shawararsa a ciki. Da kin ji ciwon farko, ko faya ta fashe, ko kin ga jini ko kaɗan, ko wurin tabon ya ɗauki zafi, ki taho, kada ki sha komai na gaggauta naƙuda. Mahaifiyarki kuwa ki aika mata tun yanzu ta shirya ta taho Maraɗi da geron kununta, jego a nan ma ana yin sa. In an sake aiki a dakata da wankan ganye har ɗinki ya warke, kanwar kunu kuma a sassauta mata hannu, wannan za mu yi maganarta a wani watan in Allah ya kai mu.